Kamfanin da ya gyara mana banɗaki da rufi a Filadelfiya: aikinsu mai kyau, amma sai kin san wa za su turo miki gida

'Yan'uwa da dama sun tambaye ni ko su ba kamfanin da ya gyara mana gida nasu aikin. Amsata e ce, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi ƙarfin a faɗe shi a tsaye a wajen suna ko walima. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai ƙorafi a cikin maganar, kuma abin da suka ɓata sun gyara. Ƙaramin kamfani ne, mai shi da 'yan ma'aikatansa, irin waɗanda suka cika birnin Filadelfiya, a jihar Fensilbaniya ta Amurka, suna gyaran tsofaffin gidaje.

Gidanmu na jan bulo ne, cikin jerin gidajen nan masu haɗa bango da juna, a kudu maso yammacin birnin, ba nisa da titin Woodland inda shagunan mutanen Afirka ta Yamma suke. An gina shi tun shekarun 1920. Muna zaune ni da maigidana da yara da Hajiya, mahaifiyarsa. Abin da ya tashe mu tsaye shi ne ruwa da ya fara tsattsafowa ta silin ɗin kicin, daidai ƙarƙashin banɗakin sama. Da aka duba sai maganar ta zama uku: a fasa banɗakin a sake shi, a canza tsohuwar wayar wutar da ke bangon kicin, a kuma sabunta rufin, wanda shimfiɗaɗɗe ne kamar na sauran gidajen layin. Kamfanin ya yi mana kuɗi dala 24,000.

Kafin su, wani ya zo ya zagaya gidan ya faɗi farashin da ya fi nasu sauƙi ƙwarai, amma ya ce sai an ba shi rabi lakadan, takarda kuma daga baya. Mun yi masa godiya muka sallame shi. A jihar Fensilbaniya wannan buƙata tasa ma kanta ta saɓa wa doka. Akwai dokar kare masu gida a harkar gyare-gyare, wadda ake taƙaita sunanta da HICPA, an kafa ta a 2008, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2009. Ta ce duk aikin gyara da ya haura dala 500 sai an rubuta shi an sa hannu. Ta ce idan kwangila ta wuce dala 5,000, ɗan kwangila ba zai karɓi kafin alƙalami fiye da kashi ɗaya bisa uku ba, sai dai ya ɗora kuɗin kayan da za a yi oda ta musamman. Duk wanda yake yin aikin gyaran gidaje na dala 5,000 ko fiye a shekara kuma dole ya yi rajista a ofishin Antoni Janar na jihar, a ba shi lamba mai farawa da PA, ya riƙa sa ta a tallansa da takardunsa.

A wannan fanni kamfanin namu ba abin da zan ce da su sai madalla. Lambar rajistarsu tana saman shafin farko, na shiga shafin intanet na ofishin Antoni Janar na ga sunan ya yi daidai da lambar. Adireshinsu na wuri ne da za ka iya zuwa ka buga ƙofa, domin dokar ba ta yarda da akwatin gidan waya kaɗai ba. Akwai ranar da ake sa ran farawa da ranar da ake sa ran gamawa. Akwai bayanin inshora, wadda doka ta ce kada ta gaza dala 50,000 na raunin mutum da dala 50,000 na ɓarnar dukiya. Kafin alƙalamin da suka nema dala 8,000 ne cif, ko sisi ba su ƙara ba. Mai kamfanin da kansa ya sa yatsa ya nuna mini wurin da aka rubuta cewa muna da kwana uku na aiki da za mu iya fasawa ba tare da an ci mu tara ba, ya ce mu kai takardar gida mu sake karantawa. Ni dai na ji daɗin hakan. Sai dai a sani, rajistar nan ba shaidar ƙwarewa ba ce. Ofishin da kansa yana faɗin haka. Ba a yi wa kowa jarrabawa kafin a ba shi lamba, sun dai san sunansa da inda yake da cewa yana da inshora.

Yanzu ga inda maganar take. Cikin abubuwan da dokar ta ce dole kwangila ta ƙunsa, akwai sunaye da adireshi da lambar wayar duk ƙananan 'yan kwangilar da za su yi aiki a gidan. Mutane da yawa suna wuce wannan shafi ba su karanta ba, alhali shi ne yake gaya maka waɗanda za su taka maka ɗaki. Kamfani irin wannan ba shi da mai aikin famfo nasa, ba shi da mai wayarin nasa, ba shi da masu rufi. Yana karɓar aikin ne a dunƙule, ya riƙe na kafinta da na tayil, ya yanka wa wasu sauran. A gida, idan za ka yi gyara, kai kake nemo birkilanka, ka san unguwarsu, wataƙila ma ka san mahaifinsa, idan ya yi ba daidai ba ka san inda za ka kai ƙararsa. A nan wanda ka zauna da shi kuka yi ciniki daban, wanda zai riƙe guduma daban.

A takardarmu an rubuta suna biyu, mai famfo da mai wayarin. Layin masu rufi babu komai. Na tambaya, sai mai kamfanin ya ce bai tsayar da wanda zai ba ba tukuna, kuma doka ba ta tilasta masa rubuta wanda bai sani ba. Gaskiya ya faɗa. Dokar cewa ta yi waɗanda aka sani a ranar sa hannu. Wannan sashe bai ce uffan ba kan wanda aka ɗauko daga baya, ko wanda aka canza bayan an fara aiki. Duk damuwar da muka samu da kamfanin nan ta wannan kafa ta shigo.

Bari in fara da mai famfon, domin haƙƙinsa ne a yaba masa. Dattijo ne, shi aka rubuta kuma shi ya zo. Tun da sunansa na hannuna, na riga na bincika na ga yana da lasisin birni, domin a Filadelfiya hukumar lasisi da duba gine-gine ce take ba masu famfo da masu wayarin lasisi, kuma mai lasisi ne yake ciro izinin aikin famfo. Da ya fasa bango ya kira ni in gani da idona. Babban bututun da ke kwashe ƙazanta na baƙin ƙarfe ne, ya tsage a tsaye tsawon kamu guda, ta bayansa, gefen da yake kallon bulo, inda ba mai gani. Ya ɗauki sukuddireba ya soka a katakon da ke ƙarƙashin bahon wanka, ta shige kamar cikin burodi. Wannan katako ba ya cikin lissafin farko. Na ɗauka za a ce mini a baka kawo kaza, sai ga mai kamfanin da takardar canjin aiki, an rubuta katako nawa za a canza da kuɗinsu, dala 1,900, muka sa hannu mu biyu kafin a taɓa komai. Haka dokar ta ce, ba a sauya abin da aka tsara sai da rubutu da sa hannun ɓangarorin biyu, amma sanin doka daban, bin ta ba tare da an matsa maka ba daban.

Sai maganar alwala. Banɗakunan ƙasar nan ba a yi su don a zuba ruwa a ƙasa ba, babu magudana a daɓen, ruwan da ya zuba sai ya nemi hanya ya shige katako. Na yi wa dattijon bayanin yadda muke amfani da banɗaki, sau biyar a rana, ga yara, ga tsohuwa da ba ta iya ɗaga ƙafa zuwa kwamin wanke hannu. Ya saurara har na gama. Ya sa mana ɗan famfo can ƙasa kusa da bango, daidai tsayin da za a tara buta, ya sa mesar tsarki a gefen masai, ya kuma gaya wa mai tayil ya shimfiɗa ledar hana ruwa a daɓen gaba ɗaya har ta hau bango kaɗan, ba a wurin wanka kaɗai ba. Hajiya yanzu a kan 'yar kujera take zama ta yi alwalarta a natse. Duk ranar da ta fito sai ta sa wa mutumin nan albarka. Mai tayil ɗin ma'aikacin kamfanin ne na dindindin, layinsa a miƙe, kusurwoyinsa sun haɗu, ba ni da abin cewa.

Wani abu da suka yi daidai shi ne maganar fenti. Gidan da aka gina kafin 1978 ana ɗauka akwai yiwuwar fentinsa na da gubar dalma, kuma ƙa'idar hukumar kare muhalli ta Amurka ta wajabta wa masu gyara su sami shaidar horo, su ba mai gida ɗan littafin gargaɗi, su kuma killace ƙura. Sun ba mu littafin, sun rufe ƙofar banɗakin da leda mai zif, suna share wurin kullum kafin su tashi. Duk wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba, ni kuwa ina da mai rarrafe a lokacin.

Mai wayarin da aka rubuta mana bai zo ba sam. Wasu samari biyu ne suka buga ƙofa wata safiya, motarsu ba rubutu a jiki, suka ce kamfani ya turo su. Maigidana yana wurin aiki. Na ce su jira a waje, na kira ofis, sai a lokacin aka gaya mini wancan ya cika da aiki an ba wani. Na nemi sunan sabon da lambar lasisinsa, aka ce za a turo, aka yi ta ja har sai da na ce ba mai shiga. Da aka turo na duba na ga lasisin na nan daram, suka shiga suka yi aiki, kuma aikin ya wuce dubawa. Sun ciro tsohuwar wayar nan mai rufin ƙyalle da ake ɗaurawa a kan 'yan ƙullutun tangaran, rufin yana marmashewa a hannu. Don haka ba aikinsu nake kuka da shi ba. Kukana shi ne a ce gida mai mata da yara, a turo mini maza biyu da ban taɓa jin sunansu ba, ba waya, ba saƙo, alhali kamfanin ya san da canjin tun kafin ranar.

Na masu rufi ya fi wannan ciwo. Ba su ma buga ƙofa ba. Ta lungun baya suka shigo da sassafe suka kafa tsani, Hajiya tana ɗan filin bayan gida tana shanya, ba mayafi, sai ganin mutum ta yi yana hawa ta saman kanta. Ta shigo jikinta na rawa ta ce, «'Yata, su wane ne waɗannan a gidan nan?» Na ce, «Hajiya, ki zauna ki sha ruwa, yanzu zan ji.» Wallahi ban san amsar ba, kuma wannan ne ya fi ɓata mini rai, a tambaye ni wa ke kan rufin gidana in rasa ta cewa. Aikin rufin kansa ba yabo ba fallasa. Ruwa bai sake zubowa ba, amma sun bar ɗigon kwalta a jikin tagar baya, sun bar ƙusoshi a inda yara ke wasa, sai da muka bi muka tsince.

Bayan an gama, saura kashin ƙarshe na kuɗi, dala 4,000, sai ga wasiƙa daga mai rufin, mutumin da sai a kan wannan takarda na fara ganin cikakken sunansa. Yana sanar da mu cewa kamfani bai biya shi ba, kuma yana da niyyar shigar da da'awa a kotu a ɗora bashin a kan gidanmu. Maigidana ya karanta ya ajiye, ya sake ɗauka ya karanta. Na ce, «Abban yara, kada mu biya kowa ko kwabo sai mun ga lauya.»

Abin da lauyar ta yi mana bayani ya kamata duk mai gida a jihar nan ya sani. Akwai wata doka daban, ta 1963, wadda ta ba wanda ya yi aiki a gini ba a biya shi ba damar ɗora bashinsa a kan ginin, ko da ba da mai gidan ya yi ciniki ba. Yana da wata shida daga gama aikinsa ya shigar, kuma ƙaramin ɗan kwangila sai ya ba mai gida sanarwa aƙalla kwana 30 kafin ya shigar. Wasiƙar da muka samu ke nan. Idan bashin ya hau kan gida, sayar da shi ko sabunta rancensa sai ya zama wahala. A da mutum yana iya biyan kamfani kaf, a dawo a ce ya sake biyan wanda kamfanin ya cinye wa kuɗi. A 2014 aka gyara dokar: idan gidan da kake zaune ne, mai iyali ɗaya ko biyu, kuma ka biya babban ɗan kwangila cikakken kuɗinsa, ƙaramin ba shi da hurumin ɗora maka bashi. Idan da saura, kana iya neman kotu ta rage da'awar zuwa abin da ya saura kawai. Ke nan mu abin da ke cikin haɗari bai wuce dala 4,000 ɗin nan ba, kuma suna hannunmu. Ta ce mu tattara duk rasiɗanmu da kwafin caki, mu riƙe saura, mu rubuta wa kamfanin cewa ba za mu saki ba sai sun kawo takarda mai sa hannun mai rufin cewa an biya shi kuma ya janye. Ta kuma ja mana kunne kada mu ɗauka kuskuren ɗan kwangila yana nufin mun ci aiki kyauta, domin Kotun Ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2014 cewa ko kwangila ba ta cika sharuɗɗan HICPA ba, ɗan kwangila yana iya neman ladan aikin da ya yi gwargwadon ƙimarsa.

Mai kamfanin ya zo gida da kansa. Bai yi musu ba, bai ɗora wa sakatariya laifi ba. Ya ce sun sami saɓani da mai rufin kan wani aiki a wani gida, ya riƙe masa kuɗi, shi kuma ya biyo ta kanmu. Na ce masa wannan rigimarku ce, ta yaya za ta iso ƙofar tsohuwar da ba ta san hawa ba ta san sauka ba? Ya ba da haƙuri, ya nemi a kira masa Hajiya ya ba ta haƙuri ita ma, na fassara mata. Ba a jima ba ya kawo takardar janyewar da sa hannu, ya turo yaro ya goge kwaltar tagar, muka ba shi cakinsa. Wannan ne ya sa har yanzu nake cewa a ba su aiki. Na ga 'yan kwangilar da idan magana ta zo nan sai su daina ɗaga waya.

Amma ina da magana da dokar kanta. Ta yi ƙoƙari, kuma tana da haƙora: karya ta ana ɗaukarsa karya babbar dokar kare masu saye ta jihar, inda kotu take iya ninka diyya har sau uku, kuma karɓar kafin alƙalami da niyyar damfara laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa, hukuncin yana ƙara nauyi idan wanda aka cuta ya kai shekara 60. Sai dai a maganar ƙananan 'yan kwangila ta tsaya a rabin hanya. Me zai hana a ce duk wanda aka ƙara ko aka canza, sai an sanar da mai gida a rubuce kafin ya zo? Ba wani nauyi ba ne a kan kamfani, saƙon waya ɗaya ne. Kuma mutumin da zai iya ɗora wa gidana bashi, ai ya kamata in san sunansa kafin ya hau rufina. Su ma ƙananan nan, a ƙa'ida, ya kamata su kasance da tasu rajistar ko da ba da mai gida suka yi ciniki kai tsaye ba, to ta yaya zan duba rajistar wanda ba a gaya mini sunansa ba?

Abin da doka ta bari, mai gida yana iya rubuta shi da kansa a kwangila, ba abin da ya hana. Muna shirin gyara kicin baɗi in Allah ya kai mu, kuma su za mu sake kira, na ma riga na gaya wa mai kamfanin abin da zan ƙara. Ba wanda zai shigo gidan sai an turo mini sunansa da lambar wayarsa da lambar rajistarsa kwana biyu kafin zuwansa. Kowa ta ƙofar gaba zai shigo, ya buga ya jira. Duk kashin kuɗin da zan biya, sai an kawo mini takardar waɗanda suka yi aikin wancan kashi cewa an sallame su. Ya ce na farko da na biyu ba matsala, na ukun zai ƙara masa aikin takarda amma zai yi. Idan ke ma za ki kira su, ki nemi a rubuta miki waɗannan, kuma ki nemi dattijon mai famfo da sunansa ya shiga takarda. Idan aikin naki rufi ne kawai, ina ganin gara ki nemi kamfanin rufi mai ma'aikatansa ki yi ciniki da shi kai tsaye, domin a wannan ɓangare su ma miƙawa za su yi ga wani.